FILIN FARKO GA MAI NEMAN GIDAN FARKO

Jama'ar Tahoua, ku saurara! Saurayin Adar yana tafiya biɗa Abijan ko Libiya, shekara uku, shekara biyar, don ya samu inda zai aje amarya. In ya komo, sai ya iske fili ya fi ƙarfin guzurinsa, domin masu kuɗi sun saye goma goma sun kewaye, awaki ke kwana ciki.

An kafa SONUCI a 1962, an buɗe Bankin Gidaje a Yamai a 2018. Madalla. Amma banki takardar albashi yake tambaya. Baduku da maɗinki ina za su samo ta? Ni kaina munita ne, da ɗan albashina, kuma ɗakin haya nake kwana.

A 2017, lokacin Tahoua Sakola, mun ga an malala kwalta cikin gari. Wanda ya iya wannan, yankan fili ba zai gagare shi ba.

Ga abin da muke nema ga hukumar gari. Kowane sabon yanka, a ware rabi ga waɗanda ba su taɓa mallakar gida ba, mutum guda fili guda, a biya kaɗan kaɗan bayan kaka. A kafe sunayen bakin ƙofa. Wanda bai yi lakkol ba, mu za mu karanta masa.