Kuɗin harajin Amurka: Dalilin da ya sa yaran da ke Tanda ba sa shiga lissafi

Daga ƙarshen watan Janairu zuwa 15 ga Afrilu ne mazauna Amurka ke cike takardun harajin shekarar da ta gabata. A wannan lokaci ne kuma ake yawan jin maganar wasu kuɗi da gwamnati ke biyan ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi, a ƙarƙashin shirin da aka fi sani da EITC.

Batun ya shafi 'yan Nijar da ke ci-rani a birane irin su New York da Greensboro, da kuma iyalansu na gida. A garuruwa kamar Tanda da ke gundumar Gaya a jihar Dosso, ana sa ido kan saƙon 'yan uwa na waje, musamman ganin yadda rufe gadar Gaya zuwa Malanville bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya taɓa kasuwancin kan iyaka.

An ƙirƙiro shirin a 1975. Rangwame ne na haraji, amma idan ya zarce harajin da ake bin mutum, hukumar haraji ta IRS kan miƙa masa rarar a hannu. Wannan ya bambanta da abin da aka saba gani a gida. A Nijar ana rage harajin albashi gwargwadon yawan iyali, a Najeriya kuma dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko a shekara. Duka biyun ragi ne kawai, babu kuɗin da ake bai wa mutum.

A lissafin shekarar 2025, mai 'ya'ya uku ko fiye zai iya samun har dalar Amurka 8,046, mai biyu 7,152, mai ɗa ɗaya 4,328, wanda ba shi da ɗa kuwa ba zai wuce 649 ba. Adadin na fara raguwa idan samun mutum ya wuce wani mataki. Dole ne kuɗin su fito daga aiki, ko na albashi ko sana'ar kai kamar tuƙin tasi da kitso, kuma mai nema ya mallaki lambar Social Security da ta ba shi izinin aiki. Lambar ITIN ba ta isa ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne batun 'ya'ya. Doka ba ta tambayi wanda ke ciyar da yaro ba, ta tambayi inda yake kwana. Sai yaron ya zauna tare da mai nema a cikin Amurka fiye da rabin shekara, kuma shi ma yana da tasa lambar. Ke nan magidancin da ke aika kuɗin gero da na makaranta zuwa Tanda kowane wata ba zai iya saka waɗannan yara ba, ko da shi kaɗai ke ɗauke da nauyinsu.

Aure ma na da nasa sharaɗin. Galibi ana buƙatar ma'aurata su cike takarda ɗaya, kowannensu da lambarsa. Don haka wanda matarsa da 'ya'yansa duka ke gida, ko ƙaramin kason na dala 649 da wuya ya same shi.

A nan ne wasu masu cike wa jama'a takardu ke ruɗin mutane, su ƙara sunayen yaran da ba su cancanta ba domin kuɗin su yi kauri. Sai dai alhakin na wuyan wanda ya sa hannu. Idan aka gano, zai mayar da kuɗin da ruwa, kuma ana iya hana shi shirin na shekara biyu idan ganganci ne, ko shekara goma idan zamba ce. Irin wannan tabo na iya biyo mutum ranar da ya nemi zama ɗan ƙasa.

Ga baƙi kuma, ƙofar na iya ƙara tsukewa. A watan Nuwamban 2025 ma'aikatar kuɗin Amurka ta ce za ta fitar da ƙa'idojin da za su ɗauki wannan rara a matsayin tallafin gwamnati, matakin da ka iya fitar da wasu masu izinin aiki na wucin gadi daga tsarin.

A ɗaya ɓangaren, IRS ta ce kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka cancanta ba sa nema. Wanda ke zaune da iyalinsa a Amurka yana da damar neman na baya har shekara uku, kuma cibiyoyin VITA na cike wa masu ƙaramin ƙarfi takardu kyauta. Doka ta hana sakin kuɗin kafin tsakiyar Fabrairu, don haka iyalan da ke jiran saƙo a Tanda bai kamata su ci bashi a kansa ba tun bai iso ba.