Daɗewar Sata Ba Ta Halatta Ta

A shekarar 1938, da Jamus ta Hitila ta haɗiye Austiriya, Ferdinand Bloch-Bauer, Bayahude mai masana'antar sukari a Biyana, ya tsere da ransa. 'Yan Nazi suka wawushe dukiyarsa, har da zanen matarsa Adele, wanda Gustav Klimt ya kammala a 1907, ya ƙawata shi da zinariya. Ferdinand ya rasu a Zurik a 1945 bai sake ɗora ido a kansa ba. Zanen kuwa ya ci gaba da zama a gidan kayan tarihi na Belvedere, jama'a na biyan kuɗi suna kallo.

Austiriya ta dogara da wasiyyar Adele, wadda ta roƙi mijinta ya bar wa gidan zanen. Amma roƙo ba kyauta ba ne, kuma mai kayan ya bar gadonsa ga 'ya'yan ɗan'uwansa. Ɗaya daga cikinsu, Maria Altmann, sai da ta kai ƙara Amurka, Kotun Ƙoli ta ba ta izinin shari'a a 2004, kafin alƙalan sulhu a Biyana su yanke a 2006 cewa a mayar da zane biyar. Lokacin tana dab da shekara 90.

Masu kare gidajen tarihi sukan ce lokaci ya shige. To, wa ya ja lokacin? Wanda ya rufe kundin bayanai shekara hamsin, magada na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba shi da bakin kafa hujja da jinkiri. Sukan ce zanen ya zama gadon al'umma, alhali al'ummar ce ta kori masu shi. Sukan kuma zargi magada da kwaɗayi, don an sayar da zanen Adele a kan dala miliyan 135. Mai kaya ya sayar ko ya ajiye, ba ruwan wanda ya ƙwace.

A 1998 ƙasashe 44 suka amince da ƙa'idojin Washinton kan mayar da irin waɗannan kaya, amma ba su wajabta wa kowa komai ba. Gyaran shi ne a juya nauyin hujja: duk zanen da ya sauya hannu a Turai tsakanin 1933 da 1945, gidan da ke riƙe da shi ya tabbatar da halaccinsa, ko ya nemo magada. Bai dace ranar mai kaya ta jira sai an binne shi ba.