Ciwon bayan da ya biyo allura ba abin rainawa ba ne

A ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, ciwon baya abokin zaman manomi ne. Wanda ya wuni yana saran rake, ko yana duƙe a gonar tumatir, ba ya mamaki idan kwankwasonsa ya riƙe. Wannan sabon ne ke sa mu raina wani ciwo dabam, mai biyo bayan aikin asibiti: allurar kashe zafi da ake yi wa mai haihuwa a gadon baya kafin tiyata, ko ɗibar ruwan laka don gwajin sanƙarau, ko tiyatar ƙashin bayan kanta.

Ba kasafai abin ke faruwa ba, kuma ba ina tsorata kowa da asibiti ba ne. Sai dai ƙwayar cuta takan bi allura ta shiga tsakanin gaɓoɓin ƙashi. Ko Amurka ba ta tsira ba: a 2012 gurɓataccen maganin allurar baya ya kwantar da mutum fiye da 750, ya kashe 64.

Alamarsa ita ce ciwo mai ƙaruwa bayan kwanaki ko makonni, wanda kwanciya ba ta sassauta shi, yana kuma tsananta da dare. Zazzaɓi ba lallai ya zo ba. Hoton ƙashi na yau da kullum yakan yi makonni bai nuna komai ba, don haka likita ke dogara da gwajin jini da hoton MRI, wani lokaci ya ɗebi samfur daga wurin, domin tarin fuka na ƙashin baya ma yana kama da shi. Shan maganin kemis kafin gwaji yana ɓoye ƙwayar da ake nema.

Idan an gano da wuri, magani na kimanin mako 6 yakan wadatar. Tiyata tana zama tilas idan mugunya ta danne jijiya, ƙafa ta fara mutuwa, fitsari ya ƙi riƙuwa, ko ƙashi ya zaizaye. A nan likita zai kwashe ruɓaɓɓen nama, ya buɗe wa jijiya hanya, ya ɗaure gaɓoɓin da ƙarfe idan da buƙata.

Roƙona ga ma'aikatanmu na Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi shi ne su riƙa tambayar mai ciwon baya ko an taɓa yi masa aiki a wurin, su kuma hanzarta tura shi Asibitin Koyarwa na Shika ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Jijiyar da ta daɗe a danne ba kullum take farfaɗowa ba.