Idan Kwamfuta Ta Farka Daga Barci Tana Sambatu

Wannan makon kan kayan aikin namu za mu yi magana. Yawancinmu a laftof muke rubutu, galibi ta hannu, kuma a cikinta littattafan da ba mu kammala ba suke kwance. Mukan rufe murfinta mu tafi salla, ta shiga barci. Da an buɗe, sai manhajar auna zafi irin su HWiNFO ko HWMonitor ta nuna abin da hankali ba zai ɗauka ba: zafi digiri 127, ko -128, ko fanka tana juyi 0 alhali ga ƙararta muna ji. Wani ya tsorata ya ruga wurin mai gyara, wani kuma ya ce ƙarya ce, ya share. A ganinmu duka biyun akwai gyara. Lambar nan shaida ɗaya ce, kuma ba a yanke hukunci sai an nemo mata ta biyu.

Mu fara da abin da ke faruwa a ciki. Akwai ƙa'idar sarrafa wutar kwamfuta mai suna ACPI, wadda ta fito a 1996. A matakin barcinta na S3 ana ɗauke wa yawancin sassa wuta, a bar RAM riƙe da aikin da muke kai. Idan ta farka, sai BIOS da direbobi su sake tayar da sassan. Ma'aunan zafi kuwa a warwatse suke: akwai na cikin furosesa, akwai na kan babban allon da masu gyara ke kira bod. A laftof, wani ɗan guntun cif ne ke karanta wasu daga cikinsu, yana kuma ba fanka umarni. Idan manhaja ta tambaye shi kafin ya gama wartsakewa, ko direba bai sake saita shi ba, sai a samu amsar banza.

Su kansu lambobin suna tona asirin kansu. Da yawa daga ma'aunan nan suna ajiye sakamako a gurbi mai bit 8, wanda iyakarsa -128 zuwa 127 ce, ko 0 zuwa 255. Ganin ɗaya daga cikinsu a tsaye cak alama ce ta ma'auni bai amsa ba, ko ma ba a haɗa komai a wurin ba. Sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a wata tasha a doron ƙasa -89.2 ne, a Vostok ta Antatika a 1983. To ina -128 za ta fito a ɗaki a Kano?

Ga yadda ya kamata mu bi. Da farko a ba ta minti ɗaya, a rufe manhajar a sake buɗewa. Sannan a ba kwamfutar aiki, kamar kunna bidiyo, a sa ido: zafin gaskiya yana hawa yana sauka, na ƙarya ba ya motsi. A gwada wata manhajar daban, amma bayan an rufe ta farko, domin idan biyu suna tambayar cif ɗaya lokaci guda sukan rikita juna. A kuma kai hannu bakin ramin fitar iska, a saurari fanka.

Idan lambar ta ƙi daidaita, a danna Restart. Kada a dogara da Shut down, domin tun daga Windows 8 akwai tsarin Fast Startup da ke adana halin da direbobi suke ciki ya dawo da shi, matsalar ta biyo baya. Idan Restart yana gyara abin, amma yana dawowa bayan kowane barci, to zargi ya koma kan direba ko BIOS, ba kan ƙarfen ba. Sai a nemi sabon BIOS a shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, kuma kada a fara ɗora shi sai batir ya cika, caja tana jone, domin mutuwar kwamfuta a tsakiyar aikin na iya hana ta sake tashi.

Inda haɗarin gaske yake shi ne akasin haka: lamba ta tsaya a digiri 40, hankalinmu kwance, ashe fanka ce ba ta farka ba. Yawancin furosesa kan rage gudu idan zafi ya kusa digiri 100, idan ya ci gaba kuma kwamfutar ta kashe kanta, ta tafi da duk shafin da ba a adana ba. A bazararmu da zafin gari ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta toshe ramukan iska, ga ɗora laftof a kan katifa, wannan ba abin wasa ba ne. Idan gindinta ya yi zafi rau, tana nauyi, fanka shiru, a adana aiki a kashe ta nan take, komai lambar da ta nuna. A nan ne zuwa wurin mai gyara ya zama dole.

Sababbin laftof da yawa kuma suna da barcin da ake kira Modern Standby, wanda ba ya kashe sassa gaba ɗaya. Irinsu kan farka a cikin jaka su yi ta gasuwa. Rubuta powercfg /a a Command Prompt zai nuna irin barcin da taka take yi. Shawararmu: idan jaka za ta shiga, a zaɓi Hibernate, wanda ke juye aiki a kan faifai ya ɗauke wuta.

Wani zai ce wannan aikin injiniya ne, mu marubuta ne. Gaskiya ne ba mu za mu kwance bod ba. Amma wanda ya je shago ya ce "bayan barci kawai take yi, Restart na gyarawa" da wuya a sayar masa da fankar da ba ya buƙata. Kafin komai dai, kowa ya kwafe littafinsa a filashi ko Google Drive yau, ba gobe ba. Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.