NCC, Wa Kike Karewa?

A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta sahale wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da saƙo da kashi 50 cikin ɗari. Kashi 100 suka nema, aka ba su rabi, hukumar kuma ta fito tana jiran a ce mata sannu da ƙoƙari. Saƙon naira 4 ya koma 6. Kamfanonin suka ce dizal ya yi tsada, naira ta karye, kuma tun 2013 rabon da a taɓa farashi. Ba a musun wannan, janaretan da ke gindin turken sabis ba ruwa yake sha ba.

Laifin hukumar shi ne ta bar mai waya ba shi da wurin gudu. Wanda ya riƙe waya tun 2001, zamanin MTN da Econet, ya san zafin abin. Layi kaɗai dubban nairori ne, minti naira 50, ko da sallama kawai ka yi kiran ya yanke. Aka ce mana cajin daƙiƙa ba zai yiwu ba tukuna. Glo na shigowa a 2003 da wannan tsari, sai ga abin da ba ya yiwuwa ya yiwu a wurin kowa. Tsoron rasa ciniki ne ya yi aikin nan, shi ne kuma aka rasa a yau.

MTN ya haɗiye fiye da rabin masu layi, Airtel na riƙe da wajen kashi ɗaya cikin uku. Glo ya ja da baya. Etisalat kuwa, tun da bashin dala biliyan 1.2 ya durƙusar da shi a 2017 ya koma 9mobile, sai ya yi ta zubar da jama'a, har rabonsa ya gaza kashi 3 cikin ɗari. Duk a kan idon hukumar aka yi wannan. Kasuwar da rumfa biyu ce ke ci, wa zai rage wa wani?

Za a ce ai tun 2013 an ba mutum damar sauya kamfani da lambarsa. Ya sauya ya koma ina, in a ƙauyensu turke ɗaya ne? Je ka bakin kasuwa ka ga mai POS ya miƙe yana ɗaga na'ura sama, an cire wa tsohuwa kuɗinta, takarda ba ta fito ba, layi ya taru ana ta "ba sabis". A aljihunsa akwai waya mai layi biyu, yana biyan kamfani biyu don ko ɗaya bai ishe shi ba. An ƙara masa kuɗi, aikin na nan yadda yake.

Tun 2023 hukumar take raba lasisi ga ƙananan kamfanonin da za su hau turakun manya su sayar da layi da araha. Shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka nemi layin ɗaya daga cikinsu, za ka sha yawo.

Dakta Aminu Maida, shugaban NCC, dokar da ta kafa hukumarka ta ɗora mata kare mai waya da raya gasa. A tilasta wa manya su buɗe turakunsu ga ƙanana a kan farashi mai sauƙi, kuma kada a sake sa hannu a wani ƙari sai an nuna wa jama'a, jiha bayan jiha, inda sabis ya gyaru.