Damure Zika: Kada fushinmu da Faransa ya sa mu zubar da namu

Ranar 6 ga watan Afrilu na shekarar 2009 Allah ya yi wa Damure Zika rasuwa a birnin Yamai, bayan ya haura shekara 80 a duniya. A lokacin har jaridun Turai sun ba da labarin rasuwarsa, domin a can an san shi a matsayin ɗaya daga cikin ƴan wasan fim na farko da Nijar ta haifa. To amma idan mai karatu ya tare matasa yau a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ya tambaye su wane ne Damure, da wuya ya samu wanda ya taɓa ganin fuskarsa a majigi ko a tele.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, a watan Oktoba na 2024 hukumomi sun sauya sunayen wasu tituna da wurare a Yamai, ciki har da cibiyar al'adu ta haɗin gwiwar Faransa da Nijar mai ɗauke da sunan Jean Rouch, wadda aka mayar da ita cibiyar Mustafa Alasan. Babu mai ja da cancantar Mustafa Alasan, ɗan ƙasa ne da ya yi wa sana'ar fim bauta har ya koma ga Mahaliccinsa a 2015. Tsorona ɗaya ne. Kusan duk aikin da Damure ya yi a rayuwarsa yana cikin fina-finan da ke ɗauke da sunan Rouch. Idan muka ɗauka cewa waɗannan fina-finai kayan Faransa ne, muka kawar da kai daga gare su, to mun binne Damure karo na biyu, kuma da hannunmu.

Bari mu tuna wane ne mutumin. Damure ɗan Sorko ne, wato masuntan kogin Isa, kuma ya fito daga gidan da aka gaji maganin gargajiya. Ya haɗu da Rouch ne a farkon shekarun 1940, lokacin da Baturen ya zo Nijar a matsayin injiniyan hanyoyi na gwamnatin mulkin mallaka. A 1942 tsawa ta faɗa wa ma'aikatan hanya ta kashe mutum 10. Damure ne ya kai Rouch wurin kakarsa Kaliya, wadda ta jagoranci abin da al'adar mutanen kogi ta tanada a irin wannan hali. Rouch da kansa ya sha faɗa cewa daga nan ne hankalinsa ya bar aikin hanya ya koma kan binciken al'adu. Ke nan tun ranar farko ɗan ƙasa ne ya buɗe ƙofa, baƙo ya shiga.

Bayan yaƙin duniya na biyu Rouch ya dawo da na'urar ɗaukar hoto. Cikin ayyukansu na farkon shekarun 1950 akwai Bataille sur le grand fleuve, fim a kan farautar dorina a yankin Ayoru. Da aka koma Ayoru aka haska wa masuntan fim ɗin, sai suka ƙi yarda da kiɗan da aka sa a ciki, suka ce ba a farautar dorina da kiɗa, domin zai ƙara mata ƙarfin zuciya. Rouch ya cire kiɗan. A wannan zama ne kuma Damure da abokansa suka kawo shawarar a daina ɗaukar mutane kawai suna harkokinsu, a yi fim na wasa wanda su ne za su taka rawa a ciki. Daga wannan shawara aka samu Jaguar.

Duk wanda kakansa ya taɓa zuwa cin rani Kurmi ya kamata ya ga Jaguar. An ɗauke shi a 1954 da 1955, amma bai fito ba sai 1967. Labarin samari uku ne da suka tashi daga kasuwar Ayoru suka nufi ƙasar da a yau ake kira Ghana: Lam Ibrahim Dia, Bafillace makiyayi, da Illo masunci, da Damure, mai ɗan ilimin boko da son ado. Lam ya shiga kasuwar Kumasi, Illo ya kama aikin dako a bakin teku, shi kuwa Damure ya samu aiki a wurin sayar da katako a Akra har ya zama shugaban lebura, ya shiga yawo cikin gari yana taƙama, wanda shi ne ma'anar sunan fim ɗin a bakin samarin wancan zamani. Daga baya suka haɗu suka buɗe teburin koli a Kumasi, da damina ta kusa suka kwaso tsaraba suka koma gida, suka rabar da ita cikin ɗan lokaci. Tarihin dubban Zabarmawa da Hausawa da Fulani ke nan da suka cika zangunan Kumasi da Akra, kuma ga shi a hoto mai motsi, da kasuwannin da tufafin da motocin wancan lokaci.

Ga inda gwanintar Damure ta fito. Na'urar da aka yi aikin da ita ba ta ɗaukar murya. Saboda haka bayan an gama sai aka zaunar da Damure da Lam suna kallon hotunan suna magana a kai, babu takarda babu rubutu. Barkwancin da ke ciki, da tsokanar juna, da yadda suke mamakin al'adun garuruwan da suka ratsa, duk daga bakinsu suka fito. A kowace ƙasa, wanda ya ƙago maganganun fim ana lissafa shi cikin marubutansa. Me zai sa a hana Damure wannan matsayi?

A Petit à petit, wanda ya fito a farkon shekarun 1970, Damure ya fito a matsayin shugaban wani kamfanin kasuwanci a Ayoru da ke son gina dogon bene, don haka ya tafi Paris ya ga yadda ake zama cikin irin waɗannan gidaje. Da isarsa sai ya shiga tare Faransawa a kan titi yana auna kawunansu, yana duba haƙoransu, yana yi musu tambayoyi yana rubutawa, daidai yadda masu binciken Turai suka daɗe suna yi wa mutanen Afirka. Yana yi fuskarsa a ɗaure kamar mai aikin gaske, mai kallo kuwa yana dariya har da hawaye. Shekara 10 ke nan kacal da samun ƴancin kai, ɗan masunta daga bakin kogin Isa ya tsaya a tsakiyar Paris ya rama wa kura aniyarta. A cikin wannan fim ne kuma Safi Faye ta Senegal ta fara fitowa, wadda daga baya ta zama ɗaya daga cikin matan Afirka na farko da suka shirya fim da kansu.

Sai Cocorico Monsieur Poulet na 1974, labarin masu fataucin kaji da wata akwalar mota ƙirar Citroën, wadda kullum sai ta mutu a daji, kuma sai an yi dabara iri-iri kafin a tsallakar da ita kogi. Lam ne mai mota, Tallu karen mota, Damure kuwa abokin tafiya mai bakin tsiya da wayon cin bulus. Duk direba ko ɗan kamasho da ya ga wannan fim zai gane mutanensa. Abin lura shi ne sunan da aka rubuta a matsayin mai shirya fim ɗin: Dalarou, wato farkon sunayen Damure da Lam da Rouch a haɗe. Daga baya aka ƙara na Tallu ya zama Dalarouta. Da wannan ƙungiya aka yi Babatu, wanda aka gina kan tarihin da Bubu Hama ya tattara na mayaƙan Zabarma a ƙasar Gurunsi, kuma ya shiga gasar Cannes a 1976. Da ita kuma aka yi Madame l'Eau a farkon shekarun 1990, inda tsofaffin abokan suka tafi Holand neman dabarar ɗebo ruwa da ƙarfin iska domin gonakin bakin kogi.

Duk da wannan suna, Damure bai bar gadon gidansu ba. Ya riƙe wurin shan magani a Yamai inda marasa ƙarfi ke zuwa, kuma ya daɗe yana bayani kan kiwon lafiya a gidan rediyon ƙasa. Da yawa cikin dattawan Yamai sun fi saninsa da magani a kan wasa.

Na san akwai masu cewa duk wannan daɗin baki ne. Za su ce na'ura ta Bature ce, kuɗi na Bature ne, a Paris aka yanka aka haɗa, da Faransanci aka yi magana, kuma Turawa ne suka fi kallo. Za su tuna mana cewa Sembène Ousmane na Senegal ya taɓa zargin Rouch da kallon mutanen Afirka kamar yadda ake kallon ƙwari. Za su kuma kawo misalin Umaru Ganda, wanda ya fito a fim ɗin Rouch mai suna Moi, un Noir a 1958, amma ya ga gara ya riƙe na'ura da hannunsa, ya yi Cabascabo, ya yi Le Wazzou polygame da ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Akwai gaskiya a wannan magana, kuma ba ta ɓuya. Rouch ya zama farfesa da duniya ta sani, abokansa kuwa sun ci gaba da zama a inda ya same su.

To amma mu bi maganar zuwa ƙarshenta. Idan an tauye wa Damure haƙƙinsa ta hanyar fifita sunan Bature, maganin abin shi ne a ɗaga sunan Damure. Wanda ya ce a watsar da fina-finan gaba ɗaya ya yarda ke nan cewa na Rouch ne shi kaɗai, ya kuma ƙarasa aikin da yake kuka da shi. Kogin da ke cikin hotunan namu ne, kasuwar Ayoru tamu ce, fuskoki da muryoyi da barkwanci na iyayenmu ne. Shi kansa Rouch a ƙasar nan ya cika, cikin hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni ranar 18 ga Fabrairu 2004, kuma a Yamai aka binne shi. Idan baƙo ya taya ka gina ɗaki kuka ɓata, ba ka cinna wa ɗakin wuta.

Abin takaici shi ne ɗalibin jami'a a Paris ko Amurka ya fi jikan masuncin Ayoru sauƙin ganin Jaguar. Asalin fina-finan suna ajiye a rumbunan Faransa, an gyara wasu an fitar da su a faifai ana sayarwa can. A nan gida kuwa yawancin tsofaffin gidajen silima sun rufe, matasa sun koma kallo a wayar hannu.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatar da ke kula da al'adu, da cibiyar fina-finai ta ƙasa, da cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni, da su nemi cikakkun kwafe na waɗannan fina-finai tare da izinin haska su a cikin ƙasa. Ƙasashen Afirka suna neman a dawo musu da kayan tarihin da aka kwashe, kamar yadda Benin ta karɓi guda 26 daga Faransa a 2021. Hoton kakanninmu da muryarsu bai gaza gunki ko kujerar sarauta daraja ba.

Na biyu, a fassara su. Kowa ya ga yadda masu fassarar fina-finan Indiya zuwa Hausa suka mamaye kasuwa daga Kano har Agadas. Idan za a iya sa ɗan wasan Indiya ya yi Hausa, me zai hana a sa Damure ya yi Hausa da Zabarmanci da Fillanci, Tele Sahel ta haska, a kuma kai wa ƴan lakwal a garuruwa? Sai dai a ba aikin ga masu jin daɗin harshe, domin barkwancin Damure ba ya jure fassarar ganin dama.

Na uku, tunda an shiga sauya sunaye, a tuna da ƴan wasa. Umaru Ganda yana da cibiyarsa a Yamai, Mustafa Alasan ya samu tasa, kuma duka biyun masu shirya fim ne. Waɗanda suka tsaya gaban na'ura fa? Zalika Sule, wadda ta fito a Le Retour d'un aventurier na Mustafa Alasan a 1966 da kuma Le Wazzou polygame, ta sha zagi a gari saboda rawar da take takawa, ta tsufa cikin rashi har ta kai ga yin aikatau a ƙasar waje, kamar yadda Rahmatu Keita ta nuna a fim ɗinta Al'lèèssi. Ta rasu a 2021. Ya kamata a samu titi ko zaure mai sunan Damure, da mai sunan Zalika, da Lam. Ya kamata kuma a duba tsofaffin ƴan wasan rediyo da tele da suka rage da rai, a tanadar musu abin magani tun suna iya cewa an gode, domin yabo a bakin kabari ba ya biyan kuɗin asibiti.

Ƴancin kai da ake ta magana a kai ya haɗa da sanin abin da yake naka, ko da a hannun wani yake, ka kuma je ka karɓo shi. Allah ya jiƙan Damure Zika da abokan aikinsa da suka riga mu, ya gafarta musu kurakuransu, mu kuma ya sa mu cika da imani.