Ruwa Da Salla A Jirgin Ƙasa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore wa bayinsa abin hawa. Bayan haka, mai karatu ya sani dogo bai taɓa ratsa ƙasar Kankiya ko ta Kusada ba, amma mutanen nan sun san jirgin ƙasa sani na wanda ya sha wuyarsa. Mai nufin kudu, ko falke ne ko almajiri, sai ya bi mota ta Gidan Mutum Ɗaya da Tsanyawa da Bichi ya isa tashar Kano, ko kuwa ya gangara Funtuwa, inda dogon Zariya zuwa Ƙaura Namoda ya ratsa. Watau tun bai yanki tikiti ba ya rigaya ya gaji.

Ba mai musun alherin jirgi. Dogo ya iso Kano a 1911, a 1912 aka buɗe hanya har Ikko, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri kuwa sai 1964. Tafiyar da ayarin jakuna ke yi wata da watanni ta komo ta kwanaki kaɗan. Gyaɗa da fatu da shanu suka yi kudu, goro da gishiri da yadi suka yo arewa. Amma alheri ba ya hana a faɗi aibu.

Tsakanin Kano da Ikko wajen mil 700 ne, ta Zariya da Kaduna da Minna, a haye Kwara a gadar Jabba, sa'an nan Ilori da Badun. Tsohon dogon nan siriri ne, galibinsa kuma layi ɗaya, don haka in jirgi biyu za su yi kiciɓis dole ɗaya ya raɓe a wata ƙaramar tasha ya jira ɗan'uwansa, in wancan ya makara kowa ya makara. Ko da aka gyara hanyar aka komo da jirgin fasinja a ƙarshen 2012, tafiyar ta kan haura sa'a 30. Ga cunkoso, mutum a kan kaya, kaya a kan mutum, ƙafa ta kumbura don rashin wurin miƙe ta. Ga zafi da ƙura da rana, ga sanyin hunturu da dare, ido ɗaya na barci ɗaya na tsaron 'yan sane. Mai goro kuwa zuciyarsa na wajen huhunsa, domin kowace sa'a ta jinkiri ganye na bushewa, goro na yaushi, riba na zagwanyewa.

Duk wannan ana iya haƙuri da shi. Abin da ya fi ci wa Musulmi rai shi ne ruwa da salla. Famfon tarago ya kan ƙafe tun ba a yi rabin hanya ba, makewayi ya ƙazantu har mai tsarki ya ji tsoron shiga. Butar guzuri ba ta isa sha da alwala duka. Mai zuwa Ikko kuma alƙibla tana bayansa ta wajen hagu, jirgi yana ta karkata, ba sararin da zai shimfiɗa buzu. Daga nan matafiya su kan rabu biyu. Wani ya tara sallolin yini biyu ya ce sai ya sauka ya rama. Wani kuwa da jirgi ya tsaya sai ya dira ya tsiri alwala da raka'a huɗu cikakku, yana cikin tahiya ya ji jiniya, ko dai ya yanke ya bi jirgi a guje, ko ya zauna a tashar da bai san kowa ba, kayansa sun yi gaba.

Dukansu biyu rashin sani ya cuce su, domin shari'a ta rigaya ta yi wa matafiyi sauƙi, babin kuwa yana nan cikin Risala da a ke karantawa a kowane zaure. Tafiyar da ta kai mil 48 ana kasaru cikinta, kasaru kuwa sunna ce mai ƙarfi a mazhabar Maliku. Daga Kankiya zuwa Kano kaɗai an cika wannan nisa, saboda haka da zarar mutum ya wuce gidajen ƙarshe na gari, Azahar da La'asar da Lisha sun komo raka'a bibbiyu, har sai ya yi niyyar zaman kwana 4 a wuri ɗaya. In rana ta yi zawali yana tasha, ya kuwa san ba za a sake tsayawa ba sai bayan faɗuwarta, sai ya haɗa Azahar da La'asar nan take. In zawali ya same shi jirgi na gudu, yana sa ran tsayawa kafin rana ta yi ja, sai ya jinkirta ya haɗa su can. Haka Magariba da Lisha. Wanda ruwansa na sha ne kawai, ya yi taimama. Ba a yinta bisa katakon kujera ko tabarma, don haka mai hankali ya kan jefa ɗan dutse cikin jakarsa tun daga gida, ya sabunta ta ga kowace farilla. In lokaci zai fita ba a tsaya ba, kamar yadda ya kan faru da Asuba, malamai sun kiyasta jirgin ƙasa da na ruwa: ya fuskanci alƙibla iyakar iyawarsa, ya tsaya in zai iya, in ya kasa ya zauna.

Wani zai ce matafiyi sai haƙuri, wahala kuma lada ce. Haƙuri yana da muhallinsa, shi ne abin da ɗan Adam ba shi da ikon kau da shi. Amma famfon da ba a cika ba da makewayin da ba a wanke ba sakaci ne, wanda ya biya kuɗin tikiti yana da hakkin ya yi magana.

Maganar nan kuwa yanzu ne lokacinta. A watan Fabrairu 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin sabon dogo mai faɗi daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, tsawon kilomita 284. Bai biyo ta Kankiya ko Kusada ba, amma mutanensu na cikin waɗanda za su cika shi. Abin da a ke roƙon hukuma ba shi da tsada. A tanadi ruwa a kowace babbar tasha da wurin alwala na maza daban na mata daban. A keɓe gefen tarago ɗaya ga masu salla. A riƙa shela da Hausa ana faɗin minti nawa za a tsaya, kada a bar dattijo yana cinta. A tsare lokaci, domin ɗan kasuwa da lokaci ya ke ciniki. Sa'an nan a tsare rai, gama ba a manta da daren 28 ga Maris 2022 ba, sa'ad da 'yan bindiga suka tare jirgin Abuja zuwa Kaduna, suka kashe wasu, suka kwashi wasu zuwa daji, jirgi bai komo aiki ba sai Disamba.

Malamai kuma nasu aikin yana gabansu. Almajirin da za a sallama ci-rani, da falken da ya zo neman addu'ar tafiya, kada a bar su su tashi sai an biya musu babin kasaru da na taimama, ko da a zama ɗaya ne. Attajirin da ke aiken yaransa kudu ya haɗa musu buta da dutse tare da kuɗin abinci. Sarakuna da wakilan jama'a su kai kukan nan gaba tun hukuma na sauraro, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya, amin. Wassalam.